GONA, GARKE DA KASUWA: Inda Ƙarfin Ƙasar Ƙaura, Shinkafi da Zurmi Ya Ke

Duk wanda ya duba taswirar layin dogo na Nijeriya zai ga wani reshe da ya rabu da babban layi a Zariya, ya nufi arewa maso yamma, ya bi ta Funtuwa da Gusau, sa'an nan ya tsaya cik a Ƙaura Namoda. A nan ƙarfe ya ƙare. An gama shimfiɗa wannan reshe a shekarar 1929, kuma Turawan mulkin mallaka ba su kashe kuɗinsu a kansa don ƙaunar mutanen wurin ba. Sun yi lissafi ne, suka ga akwai kayan da za su cika taragai a ƙasar da ke tsakanin gulbin Gagare da gulbin Bunsuru, watau gyaɗa da auduga da fatu da ƙiraga. Tambayar da ta kamata ma'aikacin hukuma da ɗalibi su yi wa kansu a yau ita ce: mene ne ainihin abin da Turawan nan suka hango, kuma nawa ne ya rage daga cikinsa?

Ƙasar da a ke magana a kanta ita ce ta ƙananan hukumomi uku na arewacin Jihar Zamfara: Ƙaura Namoda, wadda Sakajiki ke ɗaya daga cikin mazaɓunta, da Shinkafi, da Zurmi wadda ta yi iyaka da Jihar Katsina da kuma Jamhuriyar Nijar. A ƙidayar 2006 mutanen waɗannan ƙananan hukumomi sun haura 700,000, kuma ko shakka babu sun ƙaru ƙwarai tun daga lokacin. Mafi yawansu da noma da kiwo da fatauci su ke ci. Babu wata babbar masana'anta mai hayaƙi a cikinsu. Saboda haka idan an ce za a yi bayanin sana'o'in da ke ɗauke da tattalin arzikin wannan yanki, tilas a fara daga gona, a bi ta garke, a shiga kasuwa, daga nan a hau hanya, domin kowanne daga cikin waɗannan da ɗan'uwansa ya ke rayuwa.

Tun kafin zuwan jirgi

Ba jirgin ƙasa ne ya koya wa mutanen wannan yanki ciniki ba. A nan tsohuwar daular Zamfara ta yi zamaninta kafin Gobirawa su ci babban birninta a tsakiyar ƙarni na 18, su kafa Alkalawa. Bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda Namoda, jarumin Fulani Alibawa da garin Ƙaura ya ci sunansa, ya taka rawa a cikinsa har zuwa cin Alkalawa a 1808, sai ƙasar ta zama mashigar da ke haɗa Sakkwato da Katsina da Kano. Baturen nan Kilafatan ya bi ta Zurmi a 1824 a kan hanyarsa ta zuwa wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Shi kuma Bart, wanda Hausawa suka sani da Abdulkarim, ya ratsa ta Zurmi da Badarawa a 1853, ya kuma bayyana kasuwar Badarawa, wadda ke cikin ƙasar Shinkafi ta yanzu, a matsayin kasuwa mai cika wadda auduga ke kan gaba a cikin hajojinta.

Akwai wani abu a cikin tafiyar Bart da ya cancanci a riƙe shi. Bai yarda ya bi wannan hanya shi kaɗai ba, sai da ya shiga ayarin Galadiman Sakkwato, saboda tsoron harin Gobirawa. Watau tun wancan zamani arzikin ƙasar yana nan, amma fitar da shi ya dogara ga amincin hanya. Idan hanya ta yi lafiya kasuwa ta cika, idan ta ɓaci auduga ta kwana a rumbu.

Gyaɗa da kaɗa

Abin da jirgi ya yi shi ne ya faɗaɗa kasuwar, ya kai ta har bakin teku. Haraji kuwa, wanda Turawa suka wajabta a biya shi da kuɗi, shi ya tilasta wa talaka ya ware wani sashe na gonarsa don amfanin sayarwa. Ƙasar jigawa mai rairayi ta yankin Ƙaura da Zurmi ta karɓi gyaɗa, wurare masu laka kuma suka karɓi auduga, wadda Zamfarawa ke kira kaɗa. Da kaka ta yi sai a ga ayarin jakuna da raƙuma daga ƙauyuka, har daga wajen Moriki da Shinkafi da Isa, sun nufo tasha da buhuna. Abin tausayi, shekarar da jirgin ya iso ita ce shekarar da tattalin arzikin duniya ya karye, farashin amfanin gona ya faɗi ƙasa warwas, saboda haka manoman farko da suka ga jirgi ba su ga ribarsa sosai ba. Sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu cinikin ya bunƙasa.

A 1949 aka kafa hukumomin ciniki na gyaɗa da na auduga, a 1954 kuma aka haɗa ayyukansu a ƙarƙashin Hukumar Ciniki ta Jihar Arewa. Tsarin shi ne hukuma ta yanke farashi kafin kaka, ta ba wasu kamfanoni da attajirai lasisin saye, su kuma su baza yaransu cikin ƙauyuka da sikeli da kuɗi. Manomi ya san abin da zai samu tun kafin ya tuge gyaɗarsa, ana kuma raba masa irin auduga da aka tace a Samaru. Wannan shi ne alherin tsarin. Sharrinsa kuwa shi ne farashin da a ke ba manomi ya yi ƙasa ƙwarai da na kasuwar duniya, bambancin kuma ya tafi baitulmalin gwamnati a Kaduna. Da guminsa aka gina makarantu da hanyoyi da masana'antu da yawa a Arewa, amma kaɗan ne daga cikinsu suka faɗo a ƙasar da aka noma gyaɗar.

Masana'antun da suka fi kusa da wannan yanki a Gusau aka kafa su: injin gurzar auduga, da injin matsar mai, da masaƙar Zamfara wadda ta fara aiki a shekarun 1960. Ƙaura ta zauna a matsayin wurin tarawa da lodi. Wannan bambanci ba ƙarami ba ne. Garin da ke sarrafa kaya yana samun ma'aikata masu albashi shekara duka, da makanikai, da masu ilmin injuna. Garin da ke lodi kawai yana samun 'yan dako da 'yan kamasho na wata huɗu ko biyar, da rani ya tsananta kuma sai samari su kama hanyar cin rani.

Rushewar cinikin gyaɗa ta zo da sauri. Fari ya auka wa ƙasashen Sahel da arewacin Nijeriya daga 1972 zuwa 1974. Mutane ba su gama farfaɗowa ba sai ga cutar kuturtar gyaɗa, wadda ƙwarin darɓa ke yaɗawa, ta cinye gonaki a 1975. A daidai lokacin kuɗin man fetur ya cika baitulmali, idon gwamnati ya bar gona, albashin Udoji ya jawo matasa birane. Nijeriya, wadda a shekarun 1960 ke sahun gaba a duniya wajen fitar da gyaɗa, ta wayi gari ba ta da abin fitarwa. An yi yunƙurin gyara: Bankin Duniya ya taimaka aka buɗe shirin raya aikin gona na Gusau a 1975 tare da na Funtuwa da na Gombe, aka yi shirin Ciyar da Ƙasa a 1976, aka yi na Juyin Noma a 1980. A ƙarshe, a 1986, gwamnatin Janar Babangida ta rushe hukumomin ciniki gaba ɗaya a ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki. Manomi ya sami 'yancin sayar wa wanda ya ga dama, amma ya rasa tabbacin farashi da na iri mai kyau. Auduga ce ta fi jin jiki, domin iri ya gauraye, masaƙun Kaduna da Kano da ita ta Gusau suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya, musamman daga shekarun 2000, sa'ad da atamfofin waje masu araha suka mamaye kasuwa. Jirgin da ya kan shigo Ƙaura a kai a kai shi ma ya zama labari.

Abin da ya saura a gona

Mai karatu zai yi kuskure idan ya ɗauka cewa da dalar gyaɗa ta ɓace noma ya mutu. Abin da ya faru shi ne kasuwar ta juya fuska, ta bar Ingila ta koma cikin gida. Biranen Nijeriya sun kumbura, bakunan da za a ciyar sun ninka, sai gero da dawa da wake da masara suka zama kayan kuɗi su ma. Waken da a ke nomawa a tsakanin kunyoyin gero, wanda da can abincin gida ne, yanzu tirela ke ɗaukarsa zuwa Ibadan da Legas da Onica. Gyaɗa ba ta bar ƙasar ba, sai dai yanzu a cikin ƙasa a ke cinye ta, Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru kuma ta fitar da ire-iren da ke jure wa kuturta, masu nuna da wuri, waɗanda suka dace da gajeruwar daminar wannan yanki.

A nan ya kamata a tsaya a yi maganar wata masana'anta da ba ta shiga littafin lissafin gwamnati, watau ta matan aure a cikin gidajensu. Mace ta sayi tiya kaza ta gyaɗa ranar kasuwa, ta soya, ta kai inji a markaɗa, ta matse mai, ta toya ƙuli-ƙuli da tunkuzar, yara su kai talla. Wata ta turara shinkafa ta shanya ta kai a cashe. Wata ta yi daddawa, wata fura, wata ta ɗaure tunkiya biyu a bayan ɗaki tana ba su dusa da harawa. Idan aka tara wannan aiki gida-gida daga Sakajiki zuwa Kuryar Madaro, daga Moriki zuwa Badarawa, za a ga cewa kusan duk sarrafa amfanin gona da a ke yi a yankin a hannun mata ya ke. Su ne ke ƙara wa kaya daraja kafin ya bar gari, da jari ɗan ƙanƙane na adashi, ba tare da wani banki ya san da zamansu ba.

Sai kuma fadama. Gagare, wanda ya bi ta gefen Ƙaura, da Bunsuru, wanda ya bi ta ƙasar Zurmi, suna gangarawa arewa maso yamma su zuba cikin gulbin Rima. Da rani su kan janye su bar rairayi, amma ruwa yana nan kusa a ƙarƙashin ƙasa. Da can da jigo a ke ban ruwa, mutum ya yini yana ɗaga guga don ɗan fili kaɗan. Zuwan ƙananan injunan ban ruwa da rijiyoyin tuƙa-tuƙa daga shekarun 1980 ya canja lissafin, domin manomi guda ya iya shayar da filin da da can sai gayya. Albasa da tumatir da tattasai da barkono da rake da dankali da shinkafa, duk a fadamun nan su ke fitowa, ga kuma taba wadda aka daɗe ana nomawa a kwarin. Noman rani shi ne maganin cin rani na gaskiya, domin shi ke riƙe saurayi a garinsu daga kaka zuwa bazara. Cikas ɗinsa biyu ne: tsadar man da inji ke sha, wadda ta tsananta bayan cire tallafin man fetur a 2023, da kuma rashin wurin ajiya. Tumatir ba ya jira. Kowa a lokaci ɗaya ya ke ɗiba, kwando ya faɗi, wanda bai samu mota ba sai ya yanka ya shanya a ƙasa.

Garke da gona

Ƙarfi na biyu shi ne dabbobi, kuma a nan ne ƙasar Zurmi ta yi fice. Dajin da ya shimfiɗu daga Zurmi da Birnin Magaji zuwa iyakar Katsina an keɓe shi tun zamanin Turawa a matsayin gandun daji, a shekarun 1960 kuma aka shiga mayar da shi makiyaya ta zamani, aka haƙa madatsun ruwa, a zamanin da Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe makiyaya ta 1965. A cikin dajin akwai ƙauyukan manoma da aka bari a wurarensu, kamar Dumburum da Shamushalle da Tsabre da Aja. A shekarun 1990 masana daga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da Jami'ar Gisen ta ƙasar Jamus sun yi bincike mai tsawo a wurin, kuma daga cikin abin da suka nuna akwai yadda manoman ƙauyukan nan ke noma gona ɗaya shekara da shekaru ba tare da ta gaji ba, saboda takin dabbobi.

Yadda abin ke tafiya kowane dattijo a yankin ya san shi. Bayan an kawar da amfanin gona, makiyayi ya kan sauka da garkensa a gonar manomi, shanu su ci kara su kwana a wurin su bar taki, mai gona kuma ya ba shi hatsi ko wani abin hasafi. Matan Fulani su kawo nono da man shanu gari, su koma da gero da gishiri. Manomin da ya sami rara sai ya sayi maraƙi ya ba Bafulatani amana ya kiwata masa, domin a ƙauye saniya ita ce banki. Wanda ke da shanun huɗa kuma ya yi wa maƙwabta kwadago da garma, da rani ya ɗaura musu amalanke. Saboda haka gona tana cin garke, garke yana cin gona, ba wanda zai ce ga inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara.

Shanun da a ke gani a nan sun haɗa da Bunaji farare, da Rahaji jajaye masu dogayen ƙaho, da Bokoloji masu gajeren ƙaho da tozo. Tumaki akwai Uda da Balami da 'Yankasa, waɗanda a ke turkewa wata uku ko huɗu kafin Babbar Salla. Amma abin da ya kai sunan wannan ɓangare na ƙasar Hausa nesa shi ne jar akuya, wadda a Nijeriya a ke kira ta Sakkwato, a Nijar kuma ta Maraɗi. Fatarta ce fatake suka riƙa ƙetarawa da ita Hamada tun ɗaruruwan shekaru, Turawa suka saye ta a tashoshin Arewacin Afirka suka sa mata sunan fatar Maroko. Har yanzu dillalan fata na bin mahauta kasuwa-kasuwa suna tarawa, a barbaɗa gishiri a kai majemun Kano da ke Sharaɗa da Challawa. A nan ma dai labarin gyaɗa ne ya maimaita kansa: ana haifar akuyar a Zurmi, a yanka ta a Ƙaura, a jeme fatar a Kano, a ɗinka takalmin a Italiya.

Ranar Alhamis a Shinkafi

Idan gona da garke su ne jiki, kasuwa ce zuciyar da ke tura jini. Kasuwar Shinkafi, wadda ke ci ranar Alhamis, tana cikin manyan kasuwannin dabbobi da hatsi na arewa maso yammacin Nijeriya. Matsayinta a kan hanyar da ta taso daga Gusau ta bi Ƙaura ta wuce Isa da Sabon Birni shi ya ba ta wannan girma, domin ta nan dabbobin Nijar ke gangarowa, ta nan kuma hatsi da kayan masarufi ke hawa. Ban da ita akwai Kasuwar Daji a ƙasar Ƙaura, da Dauran da Gurbin Ɓore a ƙasar Zurmi, a kan hanyar da ta nufi Jibiya. Kowace da ranarta, ta yadda ɗan kasuwa zai iya zagaya su cikin mako, ya sara a ƙaramar kasuwa ya sayar a babba.

Wanda bai san kan ciniki ba zai ga hayaniya ce kawai da ƙura. Amma akwai tsari mai ƙarfi a ciki. Baƙon da ya kawo shanu daga nesa yana da fatomansa, wanda zai sauke shi, ya ciyar da shi, ya tsaya masa. Dillali ya haɗa mai saye da mai sayarwa ya karɓi la'ada, shi ne kuma shaida idan daga baya aka ce dabbar ta sata ce. Ana ba da kaya na miliyoyin naira bashi a kan amana, ba takarda ba sa hannu, a biya mako mai zuwa. Bayan waɗannan ga 'yan lodi, ga direbobi da yaransu, ga masu awo, ga masu ɗinkin buhu, ga masu sayar da abinci da ruwa, ga masu canjin sefa da naira, ga ma'aikatan ƙaramar hukuma da rasiɗinsu. Yini ɗaya na kasuwa shi ke ciyar da gidaje masu yawa har mako ya zagayo. Wannan amana da aka gina shekara da shekaru jari ce da ta fi rumfunan kasuwar daraja, ko da ya ke babu akawun da ya taɓa rubuta ta.

Sa'ad da hanya ta ɓaci

Daga wajen 2011 abin da ya fara da satar shanu da rikicin gona da burtali ya rikiɗe ya zama ta'addancin 'yan bindiga. Dalilan suna da yawa: cinye makiyaya da burtali da aka yi da gonaki, da rashin adalci a wurin sasanta rigingimu, da ɗaukar doka a hannu daga kowane ɓangare, da kwararowar makamai ta iyaka. Dajin da aka keɓe don kiwon zamani shi ya zama mafaka, har sunan Dumburum ya koma abin tsoro. Barnar rayuka ita ce babba, kuma Sakajiki ta ɗanɗana: a watan Oktoba na 2021 'yan bindiga suka auka mata da dare suka kashe mutum 12. Amma ta fuskar tattalin arziki, abin da rikicin ya yi shi ne ya tsinka igiyoyin da suka ɗaure sassan nan huɗu. Makiyayi ya daina sauka a gonar manomi, gona ta rasa taki a daidai lokacin da buhun takin zamani ya fi ƙarfin talaka. An kore shanun huɗa, aka koma fartanya. Gonakin da ke nesa da gari, waɗanda su ne manya, aka bar su suka zama sabra, a wasu wurare kuma sai an biya 'yan bindiga kuɗi kafin a shuka, a sake biya kafin a girbe. Jarin da ya kamata ya shiga fatauci ya tafi kuɗin fansa.

Matakan hukuma su ma sun taɓa kasuwa. An rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta na 2019 har zuwa Disamba na 2020. A watan Satumba na 2021 gwamnatin jihar, a zamanin Gwamna Bello Matawalle, ta rufe kasuwannin mako-mako, ta hana safarar dabbobi, aka kuma katse layukan waya na makonni da yawa, duk don a toshe wa 'yan bindiga hanyar samun abinci da mai da labari. Bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 aka sake rufe iyaka da ita har zuwa Maris 2024. Kowane mataki yana da hujjarsa, sai dai ga garin da ke rayuwa da ranar Alhamis, rufe kasuwa daidai ya ke da rufe ma'aikata, ba kuma tare da biyan kowa kuɗin sallama ba.

Zinariya fa?

Sau da yawa idan aka yi zancen arzikin Zamfara sai a tsallake gona a faɗa kan zinariya. Gaskiya ne akwai ta, amma mafi yawan haƙarta a ƙasashen Anka da Bukkuyum da Maru a ke yi, can kudu da yamma. Ko a can ɗin ma abin da talaka ya fi tunawa da shi shi ne gubar dalma ta 2010, wadda ta hallaka yara sama da 400. Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a jihar a watan Afrilu na 2019, ta ɗage hanin a Disamba na 2024. Ko yaya aka tsara ta nan gaba, ramin zinariya ba zai ɗauki mutanen da gona da garke ke ɗauka a Ƙaura da Shinkafi da Zurmi ba.

Abin da ke hannu

Akwai abubuwa biyu da yankin ke da su waɗanda ba a ci moriyarsu yadda ya kamata ba. Na farko shi ne Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Ƙaura Namoda a 1983. Ita ce babbar ma'aikatar garin, albashin malamanta da kuɗin hayar ɗalibanta na juyawa a kasuwa. Amma amfaninta na gaskiya zai bayyana ne ranar da injin ɓarar gyaɗa da na matsar mai da na busar da tumatir da ɗalibanta ke ƙerawa don cin jarrabawa suka bar ɗakin gwaji suka isa hannun ƙungiyoyin mata da maƙera na gari. Yankin ba ya bukatar ya jira katafaren kamfani daga waje. Abin da ya dace da shi shi ne ƙananan injuna masu yawa: na casar shinkafa, na matsar mai, na haɗa abincin dabbobi da tunkuza da dusa da angurya, da rumbunan albasa masu shan iska, da famfunan ban ruwa masu aiki da hasken rana waɗanda za su raba manomi da jarkar fetur. Duk wannan ilmi ne da ke cikin ƙarfin kwalejin.

Na biyu shi ne matsayin ƙasar a taswira. A watan Fabrairu na 2021 aka ƙaddamar da aikin sabon layin dogo daga Kano zuwa Katsina zuwa Jibiya har Maraɗi. Layin bai ratsa Zamfara ba, amma Jibiya ita ce ƙarshen hanyar motar da ta tashi daga Ƙaura ta bi ta Zurmi da Gurbin Ɓore. Idan aikin ya kammala, buhun wake ko bijimin da aka saya a Dauran zai iya hawa jirgi a tashar Jibiya. A Abuja kuma an ƙirƙiro Ma'aikatar Raya Kiwon Dabbobi da Hukumar Raya Arewa maso Yamma, duka a 2024, kuma da wuya a sami wurin da aikinsu ya fi dacewa da shi kamar tsohuwar makiyayar Zamfara, da madatsunta da suka cike da yashi da burtalanta da suka ɓace.

Sai dai duk waɗannan lissafe-lissafe suna rataye ne a kan hanyoyi biyu, ta Ƙaura zuwa Shinkafi da ta Ƙaura zuwa Jibiya. A shekarun nan an sha ganin direbobi sun taru a bakin gari suna jiran rakiyar soja kafin su shiga wasu sassansu, kamar yadda Bart ya jira ayarin Galadima a 1853. Kowace sa'a da mota ta yi a tsaye, da kowane shinge da aka biya kuɗi, da kowace tirelar da mai ita ya ƙi turowa, a kan farashin da za a ba manomi a ke cire su. Shi ya sa buhu ɗaya na gero ke da farashi biyu, na ƙauye da na birni, tazarar da ke tsakaninsu kuma ta wuce kuɗin mota nesa ba kusa ba. Ma'aikacin da ke tsara kasafin jiha zai iya auna ci gaban wannan yanki ba tare da ya jira wani rahoto ba: ya aika a ƙirga masa motocin da suka yi lodi a Shinkafi ranar Alhamis, da ƙarfe nawa na yamma mota ta ƙarshe ta yarda ta kama hanyar Ƙaura.